Daga Kano zuwa Potiskum da sitiyari a karkace

Kawuna fataucin shanu yake yi, kasuwar shanu ta Potiskum kuwa ranar Laraba take cika, saboda haka Talata da hantsi muka kama hanya. Ciwon baya ya hana shi dogon tuƙi, shi ya sa ya ce in raka shi mu riƙa karɓar juna. Motarsa Corolla ce, yana ji da ita, kuma tun kafin mu fita daga unguwa ya shaida mini cewa tayoyin gaba sababbi ya saya dal a shago farkon damina, ba 'yan Kwatano ba ne. Na dube su ta waje, zanensu raɗau. Muka yi addu'ar tafiya muka tashi.

Shi ya fitar da mu daga gari. Daga Hotoro zuwa Mariri ba tuƙi ake yi ba, lallaɓawa ake: ga 'yan adaidaita sahu, ga manyan motoci, ga ramukan da damina ta bari. A irin wannan wuri hannu ba ya barin murɗa sitiyari, don haka ko mota tana da wani ciwo ba za ka ji shi ba. Sai da muka haye gadar Wudil ya tsaya gefe ya miƙo mini makulli.

Da hanya ta miƙe wajen Gaya na ga abu na farko. Mota tana tafiya sak, amma tambarin da ke tsakiyar sitiyari ya kwanta dama. Na ɗan sassauta riƙo a inda babu kowa gaba da baya, nan take ta fara zamewa hagu. Wannan ya dame ni, domin kwalta ana yin ta ne da ɗan gangare zuwa bakin hanya saboda ruwa ya samu wurin tafiya, mu kuma tun 1972 hannun dama muke bi a ƙasar nan. Ke nan lafiyayyar mota in za ta zame a layin dama, dama za ta ɗan zame, a hankali. Wadda ke hawa gangare tana neman hagu, akwai abin da ke jan ta. Hagu kuma nan ne masu wuce ka suke, nan ne kuma masu tahowa suke a duk inda aikin hanya ya sa aka haɗe motoci a hannu ɗaya.

Na ce, "Kawu, motar nan tana jan hagu."

Ya ce, "Haka take, ɗan nan. Tun da na faɗa wani rami da dare cikin ruwan sama take haka. Ka dai riƙe ta da kyau."

Ba na ganin laifinsa. Mai mota shi ne na ƙarshe da ke lura, saboda hannunsa yana sabawa kaɗan-kaɗan har ya koyi tare motar ba da saninsa ba. Amma "haka take" kalma ce da nake tsoro a bakin direba. Babu motar da aka ƙera tana ja gefe.

A Shuwarin na roƙe shi mu tsaya wajen mai faci. Iska ake fara dubawa, don ita ce mafi arha kuma ita ce ta fi yawan jawo wannan: in tayar hagu ta gaza ta dama iska, mota za ta ja hagu ko da komai nata lafiya lau ne. Adadin da ya kamata yana rubuce a wata takarda da ke manne jikin ginshiƙin ƙofar direba, kuma na taya mai sanyi ne, domin wadda ta sha tafiya geji yakan nuna ta ɗan haura. Mai facin dattijo ne, yana zaune ƙarƙashin darbejiya da injin iskarsa. Ya sa geji nan, ya sa can, iska daidai. Ya kai bayan hannunsa kusa da wilin hagu, ya koma na dama, yana neman wanda ya fi zafi, saboda birkin da ya kama gefe ɗaya shi ma yana jan mota. Babu bambanci. Sannan ya ce mini, "Samari, murɗa mini sitiyarin nan har ƙarshe."

Da fuskar tayar ta fito fili, Kawu ya yi salati. Ta waje zane yana nan da zurfinsa, har tsakuwa ta maƙale a ciki. Ta ciki kuwa, faɗin yatsu biyu, ta suɗe sumul tana sheƙi, a wuri guda ma har waya ta fara leƙowa. Dattijon ya kama hannun Kawu ya shafa masa a kan sauran zanen, daga waje zuwa ciki, sannan daga ciki zuwa waje. Ta ɗaya hanyar santsi, ta ɗayar kuma bakin kowane zane yana kartar tafin hannu. Ya ce, "Alhaji, wannan tayar ba birgima kawai take yi ba, jan ta ake yi a ƙasa." Ta dama ma ta fara cinyewa ta ciki, sai dai ba ta kai ta hagu ba. Ƙa'idar da aka sani ita ce zurfin zane kada ya gaza milimita 1.6, kuma wurin da ya fi cinyewa ake aunawa, ba wurin da ya fi kyan gani ba.

Muka cire ta muka sa safaya. Dattijon ya ce aikin da ya rage ba nasa ba ne, mu lallaɓa zuwa Azare.

Tsakanin Shuwarin da Azare hanyar ta yi kyau ƙwarai. Tun 2006 aka ba da kwangilar mayar da titin Kano zuwa Maiduguri tagwaye, wannan ɓangaren da na Azare zuwa Potiskum kuma aka buɗe su a ƙarshen 2021. Kaka ta yi, an girbe gero an jera dammuna a gonaki, dawa tana tsaye da kanta a sunkuye. Muka wuce Kiyawa, muka haye kogin Jama'are, yara suna wanka a bakin ruwa. Ni dai ban bar allura ta wuce saba'in ba. Motocin haya kuwa suna wuce mu fuu, an danne but da kaya har bayan motar ya zauna, kuma duk wadda ta gifta sai in tsinci kaina ina tunanin cikin tayoyinta. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 100 a awa a kan tagwayen hanya, amma sumul ɗin kwalta yana sa ƙafa ta nutse a totur. Tayar da ta suɗe ta ciki tana iya ɗaukar mutum wata da watanni a cikin gari. A nan ne, da gudu da lodi da zafin rana, take fashewa. Idan aka ba da labari sai a ce taya ce ta fashe, a tsaya nan. Ba a cika tambayar abin da ya cinye tayar ba, kuma wannan yana ci mini rai, saboda abu ne da ake iya gani da ido tun mota tana ƙofar gida.

A Azare muka yi azahar, aka nuna mana wani gareji. Kawu ya sauka yana cewa alaimen kawai za a yi mana, wato saita tsayuwar tayoyi da inda suka fuskanta, muna sauri. Bakaniken, matashi ne mai natsuwa, ya ce to, amma bari ya ɗaga ta tukuna. Ya sa jak, ya kama tayar hagu da hannu ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, ya girgiza. Ƙwas, ƙwas. Ya ce in sunkuya in kalli kan tayarod, wato sandar da ke kai umarnin sitiyari ga taya. Robar da ke rufe kan ta yage, giris ya bushe, ƙasa ta shiga, kan yana rawa a mazauninsa. Ya sake kama tayar ta sama da ƙasa ya girgiza, don a nan ne boljoyin, wato mahaɗin da ke riƙe ƙafar mota ta ƙasa, ko boris ke nuna kansu, bai ji komai ba.

Ya ce, "Alhaji, in na saita mota a kan wannan, kafin ku kai Potiskum saitin ya gudu, kuɗinka kawai na ci. Sai an canja shi."

Na ji daɗin wannan magana. Alaimen ba ya gyara ƙarfen da ya mutu, saiti ne kawai, kuma saiti ba ya zama a kan abin da ke rawa. Kawu ya ɗan yi gunaguni, ya ba yaron gareji kuɗi ya hau babur ya tafi kasuwa.

Muna jira ne Kawu ya kawo hujjarsa: ai motar ba ta karkarwa, da alaimen ne ya lalace da sitiyari ya riƙa rawa. Mutane da yawa haka suka ɗauka. Karkarwar da ke zuwa in mota ta kai wajen casa'in ko ɗari, ta lafa in an rage gudu, yawanci ta balansin ce, wato nauyin taya bai daidaita ba, ko ta wilin da ya lanƙwashe, maganinta kuma 'yan dalmar nan da ake maƙalawa a bakin wili. Rashin alaimen shiru yake aikinsa. Alamunsa su ne waɗanda muka taho da su, sai kuma kukan taya in ana kwana a hankali, da sitiyarin da ba ya son dawowa da kansa bayan an sha kwana, da motar da ke yawo a hanya sai ana ta tarairayarta.

Abubuwa uku ake saitawa, na farkon kuma shi ya fi cin taya: inda tayoyin gaba biyu suka fuskanta. In ka leƙo su daga sama, ya kamata su kusan zama a jere, bambancin da ake bari bai wuce 'yan milimitoci ba. In bakinsu ya buɗe waje, cikin taya ke cinyewa. In ya tsuke ciki da yawa, wajenta. Lissafin yana da ban tsoro: a taya mai tsayin santimita sittin da ɗoriya, kuskuren milimita uku kacal yana nufin ana goga tayoyin a kaikaice kusan mita biyar a kowace kilomita. Daga Kano zuwa Potiskum ya haura kilomita 300. Na biyu shi ne kamba, wato tsayuwar taya in ka dube ta daga gaba, ko kanta ya kwanta ciki ko waje. Mai gwame ya san gefen takalminsa da ke riga ƙarewa, haka taya. Na uku kasta ne, shi ke dawo da sitiyari tsakiya. Bambancin kamba ko kasta tsakanin hagu da dama shi ya fi sa mota ja gefe.

Babu kwamfuta a garejin. Da aka sa sabon kan tayarod, aka sauke motar a daɓen siminti, bakaniken ya gyara sitiyari ya tsaya daidai, ya sa yaro ya riƙe. Ya ɗauko zare mai ƙarfi ya ja shi daga tayar baya zuwa ta gaba a tsayin tsakiyar wili, ya tsugunna ya rufe ido ɗaya yana duban ratar da ke tsakanin zaren da bakin wili, gaba da baya. Ya shiga ƙarƙashi da sifana, ya juya sandar rabin zagaye, ya fito, ya tura motar gaba kaɗan don ta zauna, ya sake aunawa. Ya koma dama ya yi haka. Wannan komawa daman ita ce ta nuna mini ya san aikinsa. Akwai masu saita gefe ɗaya, in sitiyari ya fito a karkace su cire shi su mayar a miƙe. Ido zai ga daidai, amma kwanar hagu da ta dama ba za su ƙara zama ɗaya ba.

Muka zaga da ita tare. Sitiyari ya miƙe, jan ya ragu sosai, amma bai tafi duka ba. Bai ɓoye mana ba. Ya ce zare iyakarsa ke nan, yana zargin ramin ya lanƙwasa shakazoban hagu, kamba ta kwanta, kuma a irin wannan mota ba a bar wa kamba wurin saiti kamar na tayarod ba. In mun koma Kano mu kai ta inda ake aunawa da kwamfuta.

La'asar sakaliya muka bar Azare. Ƙasa ta ƙara buɗewa, ga kuka jefi-jefi, ga garken shanu ana kora su gabas, wasu a ƙafa wasu a bayan motoci. Kawu ya karɓi tuƙi na ɗan lokaci, ya yi shiru, can ya ce ashe kafaɗarsa ta dama da ke masa ciwo in ya yi tafiya, tare motar ne yake jawo ta. Gab da magariba muka shiga Potiskum. Tun daga bakin gari tireloli suke jere, garin masu manyan motoci ne, kuma duk inda ka waiga masu faci ne da tulin tayoyi.

Laraba da sassafe ya shiga kara, ni kuma ya aike ni neman taya, domin ba ma komawa da safaya a gaba babu wata a but. Biyu na saya, don tayoyin gaba an fi so su zama iri ɗaya, zane ɗaya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 1223 na nufin mako na goma sha biyu a 2023. Na farkon da mai shago ya mirgino mini baƙi wuluk suke, an shafe su da mai, amma lambar ta nuna sun daɗe a ajiye, na ce ya kawo wasu. Aka ɗaura, aka yi balansin, tsohuwar ta dama ta koma but.

Da muka dawo Kano na kai motar wajen masu kwamfuta. Suka maƙala na'ura a kowane wili, allo ya kawo ƙafafun huɗu. Saitin zaren mutumin Azare ya faɗa cikin kore, alamar daidai, kaɗan aka taɓa. Kambar hagu ce ta fito ja, alamar matsala. Aka kwance shakazoban aka ajiye shi kusa da sabo, lanƙwasar tana ƙasa wajen kusoshi biyun da ke riƙe shi. Kawu ya sa aka canja na gaba duka biyun, aka sake aunawa, ya karɓi takardar sakamakon ya haɗa ta da takardun mota.