Wata guda ina leƙen hotunan John Thomson

Ɗaukar hoto sana'ata ce, a gidan biki da bakin titi. Da na ci karo da hotunan da John Thomson, mutumin Sukotland, ya ɗauka a ƙasar Sin tsakanin 1868 da 1872, sai na ware wata guda ina binsu ɗaya bayan ɗaya. Gilasan da ya ɗauke su a kai suna ajiye a gidan tarihi na Wellcome Collection da ke Landan, an kuma ɗora su a intanet.

Makon farko na shagala. Ga mai wasa wuƙa a titi, ga mata masu tuƙa kwale-kwale a birnin Canton, ga amarya 'yar ƙabilar Manchu cikin kwalliya. Na zaci ya kama su ne ba su ankara ba, yadda nake satar hoto da waya a kasuwa. Ashe na yi kuskure.

A zamaninsa sai an shafa wa gilashi wani ruwan magani, kolodiyon, an tsoma shi a ruwan azurfa, sannan a ɗauka a wanke tun bai bushe ba, cikin 'yan mintoci. Tantin duhu da akwatunan gilashi 'yan dako ke ɗauke masa duk inda ya nufa. Wanda ake ɗauka kuwa dole ya sandare na daƙiƙoƙi. Ke nan an yi magana da shi, an tsayar da shi, an gyara masa hannu. Ba kowa ke yarda ba ma. Thomson ya rubuta cewa wasu sun yi imani da idanun yara ake haɗa maganin, a birnin Chaozhou kuwa har jifansa aka yi.

Na gwada da wani mai gyaran takalmi a layinmu. Na ce, "Baba, don Allah ku riƙe allurar haka har in ƙirga biyar." Kafin in kai uku fuskarsa ta koma irin ta hoton fasfo.

Daga ranar na daina zura wa tsakiyar hoton Thomson ido. Gefe nake dubawa, inda wani yaro ya ƙi tsayuwa ya zama hazo, ko mai wucewa ya bar rabin inuwa. A nan ake ganin titin yana motsi.

Abin kunya, sai a makon ƙarshe na ji sunan Lai Afong, ɗan ƙasar Sin mai shagon hoto a Hong Kong a zamanin, wanda Thomson da kansa ya yaba wa aikinsa. Nasa hotunan nake bi yanzu.