Lahadi 12 ga Janairu 2025

Yau mura ta hana ni fita sai bayan la'asar, ina kwance ina ta kallon bidiyon gobarar Los Anjeles ta jihar Kalifoniya a Amurka a waya, tun ranar Talata iska ke kora wutar, unguwar Palisades da Altadena sun ci wuta ƙurmus. Can na ga wasu a layi sanye da kaya ruwan goro suna hawa tsauni da gatari da shebur da injin yankan itace, ashe wai fursunoni ne, sun kai ɗaruruwa. Su ba a ba su tiyon ruwa, aikinsu su sare daji su kankare ƙasa a gaban wutar don ta rasa abin ci, kuma awa 24 suke yi a jere kafin a canje su. Kuɗin fa? Dala 5.80 zuwa 10.24 a yini, sai ƙarin dala 1 a kowace awa in ana cikin gobara, a jihar da mafi ƙarancin albashi dala 16.50 ne a awa ɗaya. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Da magariba na je shagon Yaya na nuna masa, yace to ai ba dole aka yi musu ba su suka nema, kuma ana rage musu wa'adi, wasu kwana ɗaya a sansanin masu kashe gobara yana cire musu biyu. Gaskiya ne wannan, kuma da yawansu da bakinsu suna cewa sansanin ya fi kurkuku, akwai iska akwai abinci mai kyau, mutane ma na musu godiya. Amma nace Yaya wanda aka kulle ya ga ƙofa ɗaya tak ta fita, wane irin zaɓi ne yayi? Laifinsa daban, guminsa daban, ai hukuncin da alƙali ya yanke bai ce a sayi ransa da araha ba. A 2016 dutse ya faɗo ya kashe Shawna Lynn Jones a gobarar Malibu tana shekara 22, fursuna ce.

Gyaran tsarin mulkin Amurka na 13 da ya haramta bauta a 1865 shi kansa ya bar ƙofa ga wanda aka yanke wa hukunci, kuma a Nuwamban da ya wuce aka kawo wa mutanen Kalifoniya ƙuri'ar hana tilasta wa fursuna aiki suka ƙi. Yaya yace na cika ɗaukar zafi kan abin da ke nesa, ni dai ban sauka ba har aka kira isha'i muka tashi.