Na daɗe ina cewa ni ɗan tsaka-tsaki ne, ashe wani lokacin ɓuya kawai nake

Akwai wani guruf na WhatsApp da muke ciki mu tsofaffin 'yan aji ɗaya, yawanci gaisuwa ce da tsokana, amma duk ranar da maganar siyasa ta taso toh sai wuri ya ɗau zafi. Kwanakin baya musu ya kaure tsakanin mutum biyu akan karatun jami'a. Ɗaya yace dole gwamnati ta ɗau nauyin kowa kyauta tunda ilimi haƙƙi ne, ɗayan yace babu wani abu wai shi kyauta a duniya, wani ne yake biya, kuma gwamnatin da tace komai ita zata yi ƙarshenta ba abun da zata yi da kyau. Tun farkon dare suke abu ɗaya har aka koma turo saƙon murya mai minti huɗu minti biyar, wanda ni a sanina in aka kai nan toh an daina sauraron juna.

Ni kuma da na shigo na karanta sai na rubuta abun da na saba rubutawa, nace gaskiya kowa a cikinku yana da hujja, magana tana tsakiya. Har da ɗan hoton musabaha na saka. Ban kai ga ajiye wayar ba sai ga amsa daga wani na ukun su wanda tun ɗazu bai ce uffan ba: "Malam mun ji. Tsakiyar a ina take? A biya ko kar a biya? Kai menene naka?"

Wallahi sau uku ina rubutu ina gogewa, kuma nasan suna ganin alamar ina rubutu tana fitowa tana ɓacewa. Ƙarshe na tura dariya na kashe data. Abun ya tsaya min a rai sosai, don shekaru ina tinƙaho da cewa ni ba na hagu ba na dama, ni mai matsakaicin ra'ayi ne, sai gashi tambaya ɗaya ta nuna min ban ma taɓa zama na yi tunanin maganar da nake raba musu faɗa akanta ba.

Ita kanta wannan hagu da dama ɗin da ake ta faɗa asalinta wajen zama ne. A 1789 lokacin juyin juya halin Faransa, majalisa tana muhawara akan ko sarki zai iya hawa kujerar naƙi akan dokar da suka yi, masu goyon bayan sarki suka taru a hannun daman shugaban majalisa, masu son a rage masa ƙarfi suka koma hannun hagu, shikenan suna ya bi su har yau. Masu ra'ayin riƙau da barin kasuwa ta yi halinta su ne dama, masu son sauyi da gwamnati ta sa hannu wajen rage tazarar mai kuɗi da talaka su ne hagu. Abun da ya bani dariya da na karanta shi ne a wannan muhawarar ma sulhu aka yi, aka ce sarki zai iya jinkirta doka na wani lokaci amma bazai iya kashe ta gaba ɗaya ba. An raba daidai kenan. A Janairun 1793 aka fille kan sarkin. Kuma a majalisar da ta yanke masa hukuncin 'yan tsakiya sun fi kowane ɓangare yawa, amma sunan da aka laƙaba musu na raini shi ne Fadama, don inda ƙarfi ya karkata nan suke kwarara, sun bi Robespierre, jagoran masu zafin ra'ayin juyin, lokacin da yake tashe sannan da su aka kayar da shi a 1794.

Kaga ba yau aka fara yiwa irinmu kallon jemage ba, ba tsuntsu ba dabba.

Amma fa kar a ɗauka tsakiya wajen marasa wayo ne, a lissafin cin zaɓe nan ne ma kasuwar take. Wani masanin tattalin arziki Harold Hotelling tun 1929 ya kawo misalin da har yanzu ake amfani da shi. Ka ɗauka doguwar hanya ce mai mutane daga farko har ƙarshe, masu shago biyu ne kawai kuma kayansu iri ɗaya, kowa zai je wanda ya fi kusa da shi. Kowane mai shago zai riƙa matsowa tsakiya don ya ƙwace kwastomomin ɗan'uwansa, tunda ya san na bayansa ba inda zasu je, har sai sun zo sun jeru kafaɗa da kafaɗa. A 1957 Anthony Downs ya ɗora wannan akan jam'iyyu, yace in jam'iyyu biyu ne toh dukkansu zasu riƙa farautar mai zaɓen da yake tsakiya. Bill Clinton haka ya yi a Amurka, ɗan Democrat ne amma a 1996 da bakinsa yace zamanin ƙatuwar gwamnati ya wuce kuma ya sa hannu a dokar da ta taƙaita tallafin marasa galihu. Tony Blair a Birtaniya ya sa Labour ta cire alƙawarin mallakar gwamnati akan masana'antu daga kundinta a 1995, ya ci zaɓen 1997 da kujeru 418, ya ba babban banki 'yancin tsayar da kuɗin ruwa wanda 'yan kasuwa ke so, ya kuma kawo mafi ƙarancin albashi wanda 'yan ƙwadago ke so. Ya ci zaɓe sau uku a jere.

Inda lissafin ya samu tangarɗa shi ne wannan zaton na cewa na baya ba inda zasu je. Suna zuwa fa. Faransa ta nuna haka ƙarara. Macron ya fito a 2017 yace shi ba hagu ba dama, ya ci zagaye na biyu da kusan kashi 66, ya kwashe mutane daga tsofaffin manyan jam'iyyu biyu har suka zama kamar kango, a 2022 'yar takarar Socialist ko kashi 2 bata samu ba, ta Republicains kuma bata kai 5 ba. Toh duk wanda ya ji haushin gwamnati ina zai dosa? Tunda an tattara masu sassauci duk a jirgi ɗaya, sai ya zama adawa ta rage a hannun masu tsattsauran ra'ayi. Marine Le Pen daga kusan kashi 34 a 2017 ta haura 41 a 2022. Jamus ma kusan haka, Merkel ta yi shekara 16 kuma uku daga cikin gwamnatocinta huɗu haɗaka ce da SPD wadda ya kamata ace ita ce babbar 'yar adawarta, ana cikin haka AfD, jam'iyya mai tsattsauran ra'ayin dama da aka kafa a 2013, ta shiga majalisar tarayya a 2017 da kashi 12.6. Bance haɗakar ce kaɗai ta jawo ba, akwai maganar 'yan gudun hijira da sauransu, amma mutum in ya duba ya ga manya duk bakinsu ɗaya sai ya fara neman wanda zai faɗi wani abu daban ko da shirme ne.

Mu ma ai an taɓa yi mana tsakiyar dole. A 1989 Babangida ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu, SDP wai ta ɗan karkata hagu kaɗan, NRC ta ɗan karkata dama kaɗan, gwamnati ce ta rubuta musu manufofi ta gina musu ofisoshi. Kowa ya san yadda aka ƙare a 1993.

Amma duk wannan ba shi ya fi damuna ba, tunda ni ba takara nake ba. Abun da ya hana ni barci shi ne na gano cewa in har tsakiyata lissafi ce, wato na duba inda wancan ya tsaya na duba inda wannan ya tsaya na raba biyu, toh ba ni nake zaɓar matsayina ba, su suke zaɓa min. Duk wanda ya fi wani iya wuce gona da iri shi yake ja na. In yau wani yace biyu da biyu huɗu ne wani yace shida, zan ce biyar, gobe na shidan ya ƙara zafi yace goma sai na koma bakwai, kuma ina nan ina jin kaina a matsayin mai hankalin wurin. 'Yan siyasa sun san wannan dabarar sarai, kamar ciniki ne, ka faɗi abun da kai kanka ka san bazai yiwu ba don in an zo ragi a tsaya inda dama kake so.

Kuma akwai maganganun da basu da rabi. A 1787 da ake rubuta kundin tsarin mulkin Amurka jihohin kudu suka ce a ƙirga bayi wajen rabon kujerun majalisa, na arewa suka ce a'a, sai aka sasanta cewa kowane bawa biyar a lissafa su a matsayin mutum uku. Masu hankalin zamanin sun ji daɗi an samu maslaha, su kuwa bayin ba wanda ya tambaye su. Aka ƙara wani sulhun a 1820, aka ƙara a 1850, ƙarshe dai sai da aka yi yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865. Bayan kusan shekara ɗari, a 1963, Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, yana tsare a Birmingham ta Amurka ya rubuta cewa ya kusa yanke hukuncin cewa babban abun da ke tare wa baƙar fata hanya ba ɗan ƙungiyar ƙin baƙar fata ta Ku Klux Klan bane, farar fata ne mai matsakaicin ra'ayi wanda ya fi son zaman lafiya akan adalci, mai cewa na yarda da buƙatarku amma ku jira lokacin da ya dace. Da na karanta wannan sai da na ji kamar da ni yake. Shi kansa Aristotle da ake jingina masa maganar tsaka-tsaki, wanda yace jarumta tana tsakanin tsoro da ganganci, ya faɗa da kansa cewa abubuwa irin su sata da kisan kai basu da wani matsakaici mai kyau. Haka in ka ji malamai suna fassara ummatan wasaɗan a suratul Baƙara zaka ji suna kawo ma'anar adalci da zaɓaɓɓu, ban taɓa jin wanda yace ma'anarta rabin gaskiya rabin ƙarya ba.

Toh na bar tsakiyar kenan? A'a, don na ga inda ta yi rana. Arewacin Ireland sun shafe kusan shekara talatin suna kashe juna, mutum sama da 3,500 suka mutu, a Afrilun 1998 aka sa hannu a yarjejeniyar da ba wanda ya samu duk abun da yake so, masu son haɗewa da Ireland basu samu haɗewa ba, masu son zama a Birtaniya kuma dole suka raba mulki da mutanen da suke kira 'yan ta'adda kuma suka ga an saki fursunoni. Mandela a 1994 ya zauna a gwamnati ɗaya da de Klerk, shugaban ƙarshe na mulkin wariyar launin fata, a matsayin ɗaya daga cikin mataimakansa. Sai dai ka lura waɗannan mutanen kowa ya san inda suka tsaya, Mandela shekara 27 ya yi a kurkuku akan matsayinsa, don haka da ya sassauta akwai abun da ya bayar daga aljihunsa. Ni da nake tura hoton musabaha a guruf me na bayar? Ban da komai a hannu balle na rage.

Abun da nake ƙoƙarin yi yanzu, kuma da wahala wallahi, shi ne na daina tambayar kaina ina ne tsakiya, na riƙa ɗaukar magana ɗaya ɗaya. Sai na tarar a maganar lafiya na fi kusa da hagu sosai, bana ganin daidai ne mutum ya mutu don bashi da kuɗin magani. A maganar gwamnati ta riƙa gudanar da kamfanoni kuma na fi kusa da dama, na ga yadda suke zama wajen cusa 'yan uwa. A wasu maganganun kuma har yanzu ban gama tunani ba. Wani zai ce ai wannan kame-kame ne, amma ni abun da ya fi bani mamaki shi ne mutumin da in ka san ra'ayinsa akan haraji toh ka san ra'ayinsa akan baƙin haure da sauyin yanayi da hukuncin kisa, alhali abubuwan nan ba abun da ya haɗa su illa jam'iyyarsa ta ɗaure su a ƙunshi ɗaya ta miƙa masa. Abu na biyu da nake gwadawa shi ne kafin na soki ra'ayin mutum na iya faɗarsa yadda shi da kansa zai ce eh haka nake nufi. Mai cewa kasuwa yawanci tsoronsa ɓarna da bashi ne, mai cewa gwamnati tsoronsa ɗan talaka mai ƙwaƙwalwa ya ƙare a gida, kuma duk tsoron biyu na gaske ne.

Bayan kwana uku na koma guruf ɗin na jawo tambayar mutumin nan na amsa. Nace ni dai ra'ayina ɗan da iyayensa basu da hali gwamnati ta ɗauke masa komai har kuɗin zama, wanda iyayensa ke da hali su biya, na tsakani kuma a bashi bashin da bazai fara biya ba sai ya samu aiki kuma albashinsa ya kai wani mataki, irin wanda Ostireliya ta fara tun 1989 ana cira ta hanyar haraji. Nace kuma nasan inda zai iya lalacewa, wajen tantance waye mai hali waye marar hali, da kuma ƙasar da bata san albashin mutanenta ba balle ta karɓo bashinta.

Minti biyu ba a yi ba mai cewa kyauta yace ashe dama ni ɗan jari-hujja ne ina ɓoyewa, zan ɗaura wa yara bashi tun basu fara rayuwa ba. Mai cewa kasuwa yace wannan ai gurguzu ne aka sa masa hula. Shi kuwa wanda ya yi min tambayar sai ya rubuto, "Yauwa Malam, yanzu ka zo. Toh waye zai tantance mai halin?"

Har yanzu muna kan wannan, jiya ma sai wajen ƙarfe ɗaya na kwanta.