Ga matasa masu rubuta manhaja: kafin ka rubuta komai a kan faifai, tabbatar da girmansa

In aka ba ka aikin ɗauko manhajar tsara faifai ko duba lafiyarsa, irin mkfs ko fsck, daga Linux zuwa wani tsarin, wurin da za ka fara dubawa shi ne inda take tambayar girman faifan. Lissafin da ya biyo baya duk a kan wannan lamba yake, kuma kowane tsari da hanyarsa ta bayar da ita.

Kada ka dogara da stat(), kiran da ke ba da bayanan fayil. A kan fayil yana faɗin gaskiya, amma a kan faifai kansa, kamar /dev/sda, st_size, wato gurbin girman, sifili yake dawowa. A Linux ana amfani da ioctl, wato kiran da ake tambayar na'ura kai tsaye da shi, kuma iri biyu ne. BLKGETSIZE yana ƙirga sekta masu bayit 512 cikin unsigned long, don haka a na'ura mai bit 32 ba ya iya wuce TiB 2. BLKGETSIZE64 kuwa bayit yake bayarwa kai tsaye, shi za ka ɗauka. A FreeBSD sai DIOCGMEDIASIZE, shi ma bayit. A macOS tambaya biyu ce: DKIOCGETBLOCKCOUNT da DKIOCGETBLOCKSIZE, ka ninka su. A Windows ka nemi IOCTL_DISK_GET_LENGTH_INFO, ka rabu da tsohon lissafin silinda, domin yakan zubar da sektocin ƙarshe.

Abin da ya fi cin mutane shi ne lambar 512 da aka kafe a cikin rubutun manhajar. Wani ya karɓi adadin sekta daga macOS, ya ninka da 512 saboda haka ya saba, aikin ya tafi lafiya shekara da shekaru. Ranar da aka jona faifai mai sekta 4096, sai manhajar ta ga kashi ɗaya cikin takwas na girmansa. Wannan ma da sauƙi, fili kawai aka yi asara. In kuskuren ya juya, girman ya fito fiye da gaskiya, mkfs zai rubuta adadin da babu shi a kan faifan, Linux ya ƙi ɗora tsarin fayil na ext4 da aka rubuta, ko a rasa bayanai daga baya. Shi ya sa nake roƙon ka: ka riƙe girman da bayit cikin uint64_t tun daga farko, ka tambayi girman sekta daban, da BLKSSZGET ko DIOCGSECTORSIZE. In kana magana da faifai kai tsaye ta ƙa'idar SCSI, ka tuna umarnin READ CAPACITY lambar sekta ta ƙarshe yake bayarwa, sai ka ƙara ɗaya.

FreeBSD na da wani tarko na musamman. Faifai a can character device ne, ba block device ba kamar a Linux, don haka duk inda aka rubuta S_ISBLK, mai duba ko block device ne, manhajar za ta tsallake ioctl ɗin baki ɗaya. Daga nan sai ta faɗa kan dabarar ko-ta-kwana irin ta e2fsprogs, manhajojin kula da ext4: a yi tsalle gaba, a karanta bayit ɗaya, a riƙa ninka nisan har karatu ya gaza, sannan a riƙa raba tazarar biyu har a sami ƙarshe. To FreeBSD ba ya yarda a karanta ƙasa da sekta guda daga faifai. Karatun farko ya gaza, amsa ta fito sifili. In za ka ci gaba da amfani da wannan dabara, ka sa ta karanta cikakkiyar sekta daga daidai farkonta. Kuma duk sanda girma ya fito sifili, manhajar ta tsaya ta faɗi dalili, kada ta yi hasashe.

Gwaji ba ya bukatar sayen faifai. Ka yi fayil maras cin fili da truncate -s 3T, ka jona shi da losetup --sector-size 4096 a Linux, ko mdconfig -S 4096 a FreeBSD, ka gwada amsar manhajarka da ta blockdev --getsize64 ko diskinfo. Ka sake haɗa ta a bit 32 tare da _FILE_OFFSET_BITS=64, ka kuma gwada ta a kan ɓangare guda, kamar /dev/sda1, ka tabbatar girman ɓangaren ta kawo, ba na faifan duka ba.