Ga masu bin tseren motocin ƙananan kulob daga Kano

'Yan'uwa masu tambayar yadda ake bin tseren kulob-kulob na Ingila: kakar tana farawa wajen Maris, ta ƙare wajen Oktoba. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu da nasu ɗaya ne, ba sai an yi lissafi ba. 750 Motor Club, ɗaya daga cikin kulob ɗin da ke shirya tseren, kan haska wasu tserensu kai tsaye a YouTube, Asabar da Lahadi. A caja waya tun dare, don wutar unguwa ba ta da alƙawari.

Tsere ɗaya yawanci minti 15 zuwa 20 ne, kuma akan haɗa aji daban-daban a fili ɗaya. Wanda ya zo na 12 ƙila shi ne zakaran ajinsa, don haka a buɗe shafin lokutan zagaye a gefe, wato shafin intanet mai nuna lokaci da matsayin kowace mota.

A filin tsere na Brands Hatch, ku zuba ido a kwanar farko, Paddock Hill. Gangara ce mai tsanani. Wanda ya makara da birki sai tayoyin gaba su ƙi kamawa, ya tsinci kansa cikin tsakuwa. Nan take tutar rawaya ta fito, ba wuce juna. Baƙar tuta mai da'irar ruwan lemo kuwa, motar direban da aka nuna wa na da matsala ke nan, wataƙila mai ke zuba, sai ya koma gareji.