Kalma ɗaya a jikin kwali

Ranar Alhamis na miƙa wa maigidana Alhaji makullin shagonsa na littattafai, muka rabu lafiya. Amma har gobe kwalin da na rubuta a Yulin 2007 yana cina a rai.

A watan ne littafin Harry Potter na bakwai ya fito, ranar 21. Alhaji ya ji yadda yara a Landan ke bin layi har tsakar dare, ya ce mu ma kada a bar mu a baya. Da katan ɗinmu ya iso, na ɗauko jar maka na rangaɗa: "Labarin yaron makarantar mayu ya iso." Mayu fa! Ni da na tashi ina jin ana cewa maye ya kama kurwar wane. Kuma a shekarar da gwamnatin Shekarau ta ƙona littattafan soyayyar da aka ƙwace a hannun ɗalibai, kowane uba a Kano idonsa na kan jakar ɗansa.

Kafin la'asar wani dattijo ya shigo riƙe da hannun jikansa, ya dangwarar da littafin a kan kanta, ya ce, "Maita kuke sayar wa yara yanzu?" Alhaji, wanda da safe ya karanta kwalin ya ce ya yi, sai ya juyo: "Kai Malam, wa ya sa ka?" Kwafi shida aka dawo da su, duk ya zabtare a albashina.

Daga baya na fahimci masu littafin sun fi ni auna kalma. Bloomsbury, kamfanin da ya wallafa shi a Birtaniya, sun sa marubuciyar, Rowling, ta ɓoye sunanta a bayan haruffa biyu, J.K., don kada yara maza su guji littafin mace. A Amurka kuwa mawallafansa na can, Scholastic, suka sauya sunan littafin farko suka cusa kalmar boka. Can ma sun sha suka: daga 1999 zuwa 2001 Harry Potter ne kan gaba a littattafan da ake neman a cire daga ɗakunan karatu, har wani coci a New Mexico ya cinna masa wuta a 2001. Su dai hayaniyar ta zame musu talla.

Tun daga nan, uba nake fara yi wa bayani kafin yaro. Kowane kwali kuma sai Alhaji ya sa hannu a bayansa kafin in rataya, yana ganin tsabar ladabi ne.

Kuɗin kwafi shidan nan, har na fito bai taɓa tayar da zancensu ba.