Feftayid muke sayarwa, a nan Jos

Kamfaninmu ƙarami ne, ɗaki biyu a gefen titin Bauchi, da firizoji da sola a kan rufi. Hajarmu feftayid ce, wato guntayen furotin da ake haɗawa a ɗakin gwaji, amino asid huɗu zuwa ashirin da ɗoriya a jere. Masu sayenta malaman jami'a ne da ɗaliban digiri na biyu da na uku, da likitocin dabbobi daga wajen Vom, wani lokaci oda ta zo daga Abuja ko Zariya. Kusan dukkansu tambaya ɗaya suke bi: yaya ƙwayar halitta take kashe kanta idan wa'adinta ya cika, kuma me ya sa ta ciwon daji take ƙin mutuwa?

Wannan mutuwa a tsare take. Da ita yatsun jariri ke rabuwa tun yana ciki. A 1972 Kerr da Wyllie da Currie suka raɗa mata suna afoftosis, daga baya aka gano a jikin wata 'yar tsutsa cewa cikin ƙwayoyi 1,090 da take samarwa, 131 ne ke mutuwa, kullum su ɗin dai. Aikin tsutsar nan ne ya kai Brenner da Sulston da Horvitz ga kyautar Nobel a 2002. Masu zartar da kisan wasu furotin ne da ake kira kasfes, kowanne da gaɓar da yake yankawa. Kasfes-3 jerin amino asid huɗu da ake rubutawa DEVD yake nema, shi ya sa abin da ya fi tafiya a wurinmu shi ne Ac-DEVD-pNA, wato jerin nan da aka liƙa wa wutsiya mai ba da launi. Ka zuba shi a ruwan ƙwayoyin da ka fasa; idan kasfes-3 ya farka zai yanke wutsiyar pNA, ruwan ya koma ɗorawa, na'urar auna haske ta karanta launin a tsawon zangon haske na nanomita 405. Mai son sanin ta ina umarnin kisan ya fito, daga wajen ƙwayar ko daga cikinta, sai ya ƙara da IETD na kasfes-8 da LEHD na kasfes-9.

Yawancin ɗalibanmu ganye suke gwadawa, zogale ko darbejiya ko wata saiwa da kaka ta faɗa musu, don su ga ko za su kashe ƙwayoyin ciwon daji. Ina son wannan aiki har raina. Amma ba na barin ɗalibi ya tafi da DEVD kaɗai. Sai na zaunar da shi na nuna masa amfanin Z-VAD-FMK, sinadarin da ke ɗaure kasfes ya hana shi aiki. In ka sa shi ƙwayoyin suka daina mutuwa, ka samu hujjar cewa ta hanyar kasfes ganyenka ke kashe su. In suka ci gaba da mutuwa, to wata hanya ce ganyenka ke bi, ko kuma guba ce kawai, kuma gara ka sani kafin ranar kare kundi.

"Hajiya, a WhatsApp wani ya ce zai ba ni a rabin kuɗin nan." Kusan kullum sai na ji wannan. Sai in ce, ɗana, koma ka tambaye shi takardar HPLC, wato gwajin tace sinadari, da ke nuna tsarki ya kai kashi 95 cikin ɗari, da takardar awon nauyin ƙwayar sinadarin, ka kuma duba ko lambar da ke jikin kwalba ita ce ke kan takarda. Shiru kake ji. Wasu masu sayarwar ragowar kayan da aka riga aka narkar suke sake wa lakabi, su ba direba a tasha cikin ambulan, ya kwana a gaban mota. Busasshen gari yana jure 'yan kwanaki a hanya, narkakke kuwa ba haka ba. Yaro ya ƙarar da kuɗin iyayensa, ya yi wata uku yana zargin hannunsa, alhali kwalbar ce matacciya.

Wurin wani dattijo na koyi aikin, shugaban ma'aikatan ɗakin gwajin da na fara aiki, muna ce masa Baba. In ka ciro kwalba daga firiza mai digiri 20 ƙasa da sifiri, ba ya bari ka buɗe. Sai ta zauna cikin tulun silika ta huce, don garin yana zuƙar laima, balle a damina ta Jos. Sannan a juya ta a injin juyawa, saboda rabin miligiram biyar ɗin na iya liƙe a murfi ba ka gani ba. "'Yata, haƙuri ma sinadari ne," haka yake cewa. Shi ya koya min cewa nauyin da ke kan lakabi ya haɗa da gishirin TFA, wani asid da ake aiki da shi wajen haɗa feftayid, da ɗan ruwa, dole a cire su a lissafi. Shi ya nuna min kuma abin da baƙi ke ruɗewa a kai: ruwan sinadarin DMSO da muke narkar da garin a ciki yana daskarewa ƙasa da digiri 19, don haka da safiyar hunturu a Jos za ka tarar ya zama ƙanƙara a kan tebur. Bai lalace ba, ɗumin tafin hannu ya ishe shi.

Su ma dillalan waje ba a kwance musu. Akwai wanda ya taɓa aiko min da feftayid ɗin BH3, wani yanki na furotin BIM mai ingiza ƙwaya ta mutu, amma da takardar wani rukunin kaya daban. Na mayar masa, duk da farfesan da ya yi oda yana ta kira. Ilimin BH3 ɗin nan shi ya haifar da maganin venetoclax da Amurka ta amince da shi a 2016 don wani nau'in sankarar jini. Ba zan miƙa wa mai bincike abin da ban tabbatar ba a fagen da ya kai wannan matsayi.

Yanzu mukan narkar da kwalba ɗaya mu rarraba ta cikin ƙananan bututu, kowanne na amfani sau ɗaya, ɗalibai uku ko huɗu su haɗa kuɗi, kowa ya karɓi nasa cikin kula da kwafin takardarsa. Wanda ke shirin rubuta kasafin bincikensa ya leƙo tun kafin ya rubuta, mu lissafa adadin ramukan farantin gwajinsa tare.